Fuskar da Na Gani a Bangon Makarantar Katagum

Sannunku da jira, 'yan uwa. Tun da na yi shiru kwana biyu, saƙonninku duk tambaya ɗaya suke yi: Adawiyya, an sa rana ko ba a sa ba? Ba a sa ba. Wadda ta riga ta zaɓi anko a zuciyarta ta ɗan dakata, don maganar ta tsaya a inda ban taɓa zato ba, kuma sai yau na samu ƙarfin rubuta ta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Adawiyya Yunusa, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Azare. Izzuddeen shi ne mai nemana, yana da shagon sayar da magani, mutum ne mai sanyi har wani lokaci sanyin ya ba ni haushi. Malam Yunusa kuwa, wanda nake ɗauke da sunansa nake ce masa Baba, ba shi ya haife ni ba. Mijin Innata ne. Ina 'yar ƙarama aka kawo ni hannunsa daga Bulkachuwa bayan rasuwar kakata, kayana a ƙullin zane, kaina duk ƙuraje. Shi ya riƙa kai ni makaranta a bayan kekensa, shi ya rubuta sunansa a bayan nawa, kuma har gobe in ya shigo da tsire nawa ake fara cirewa kafin na ƙannena. Ban taɓa jin maraici a gidan nan ba, shi ya sa ban taɓa tambayar wanda ya haife ni ba.

Ranar da manyan Izzuddeen suka zo neman aure, ni na dafa zoɓo na sa masa citta da kanumfari, na ba ƙanina ya kai zaure, sannan na laɓe a bayan labule. Kada wadda ta ce mini komai, na san duk kun yi. Ana cikin gaisuwa Baba ya faɗa musu da bakinsa cewa shi mariƙi ne, ba mahaifi ba. Alhaji, mahaifin Izzuddeen, ya ce:

"Malam, girmanka a wurinmu ya wuce a faɗa. Amma in uban yana raye, ko yana da ɗan uwa, can ya kamata mu fara yin sallama. Ba na son mu shiga gida ta katanga."

Baba ya ce gaskiya ne, a ba shi lokaci. Iyakar abin da ya ce ke nan. Alhaji ya ƙara da cewa yana son ya haɗa auren 'ya'yansa biyu rana ɗaya bayan an gama kaka, in an samu uban kafin nan madalla, in ba a samu ba sai a yi na ɗayan, namu kuma ya jira abin da Allah zai yi. A bayan labulen nan na ji haushin Baba kamar in yi kuka. Me zai rage shi da shi in ya ce shi ne ubana? Wa zai ƙaryata shi a garin nan?

Kwanaki suka yi ta tafiya, ban ga Baba ya motsa ba. Ya tafi shagonsa na iri da taki, ya dawo, ya kunna rediyo. A can gidan su Izzuddeen kuma magana ta fara fitowa daga ɗakin mata, wai yarinyar da ba a san asalinta ba. Izzuddeen bai so ya faɗa mini ba, ni na matsa masa. Kalmar nan ta asali ta zauna mini a ƙirji, ko abinci na sa a baki sai in ji ta.

Na san abin da za ku ce: ki tambayi uwarki mana. Wanda ya tashi a gidan Fulani ba zai yi wannan tambayar ba. Ni 'yar fari ce. Tun da nake, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" nake, ko "waccan". In na shiga ɗaki ta tuna tana da aiki a tsakar gida. Ba ƙi ba ne, kunya ce, don in ta raba nama tsoka mai kyau takan ware ta ba ƙanwata ta kawo mini, wai ta yi mata tauri. To matar da ba ta iya faɗin sunan 'yarta, ita ce za ta faɗi na mijinta na fari?

Duk da haka na gwada. Wata safiya tana dama fura na tsuguna nesa da ita na ce ina da tambaya. Ba ta ɗago ba ta ce in tambayi Babana.

"Wanne?" Wallahi fitowa ta yi, ban shirya ta ba.

Ludayin ya tsaya. Ta ɗauki faifai ta rufe ƙwaryar, ta miƙe ta shige ɗaki, ranar ba ta ƙara bi ta inda nake ba. Baba kuwa ban ma soma ba. Da wane ido zan dubi mutumin da ya wanke mini ƙuraje in ce ya nuna mini hanyar gidan wani?

Sai na nufi unguwar Matsango wurin Goggo Zuliha, ƙanwar Inna, mai sayar da turaren wuta da humra. Ita bakinta ba ya da ƙofa, Allah ya raba su da yayarta. Amma ta ce lokacin auren ita yarinya ce, kuma a gidansu ba wanda yake kiran suruki da suna, "Ɗan Katagum" kawai ake ce masa. Abin da ta iya tunawa shi ne a gaban alƙali aka raba auren, a nan Azare, shekarar da aka yaye ni.

Da na dawo na tura wa Izzuddeen saƙo na faɗa masa. Nan take ya amsa:

"In a kotu aka raba, to sunan yana rubuce. Kotu ba ta mantuwa."

"Ni in shiga kotu? Allah ya sawwaƙe."

"Ba ƙara za ki kai ba, ranki ya daɗe. Tambaya za ki yi."

Haka na zura babban hijabina ruwan toka mai kaiwa har ƙasa, na sa takunkumi kamar mai mura don kada in haɗu da iyayen ɗalibaina, Goggo ta raka ni. Magatakarda ya ce in rubuto takardar neman dubawa, in kawo katin shaidata, in faɗi sunan uwata da shekarar. Sai da na yi zarya, don tsofaffin fayiloli suna can ɗakin ajiya a ɗaure da igiya. Ranar da aka samo, ya ajiye shi a kan tebur, bangon ya yi ja don tsufa, ya tambaye ni ko ya karanta mini duka.

Na ce a'a, suna da gari kawai nake so.

Goggo ta mintsine ni ta ƙasan hijabi, don ita gulmar take so ta ji. Ban kula ta ba. Abin da ya raba su ba nawa ba ne. Matar da ta rufe bakinta shekara ashirin da wani abu, ba zan zagaya ta bayan gida in buɗe mata ƙwarya a gaban baƙo ba. Magatakarda ya bi layin da yatsa ya karanta: Abdulsamad Babayo, dillalin shanu, mazaunin garin Katagum.

A cikin adaidaita na riƙa maimaita sunan a hankali. Na zaci zan ji wani abu ya motsa a jikina, amma ban ji komai ba, suna ne kamar na kowa. Kuma sunan da aka rubuta tun ina goye, ba unguwa, ba lambar waya, ina zan kai shi? Katagum ba ƙauye ba ne da za ka tsaya a bakin kasuwa ka yi cigiya.

Izzuddeen ne ya sake kawo dabara. Lokacin hidimar ƙasarsa ya yi aikin zaɓe, ya ce an sanar a rediyo cewa an liƙa rajistar masu zaɓe a kowace mazaɓa na 'yan kwanaki don mutane su duba sunayensu, kuma kowane suna da hotonsa da rumfar da mutum yake jefa ƙuri'a. In an san rumfa an san unguwa, in an san unguwa akwai mai unguwa. Na ce masa ashe ban da paracetamol akwai wani abu a kan nan. Ya turo mini fuskar dariya ya ce in yi sauri kafin a cire.

Na ce wa Inna zan raka Goggo kai wa wata amarya turare a Katagum. Ba ƙarya ce zalla ba, don Goggo ba ta fita ba kwalabe a jaka, ko gaisuwar mutuwa za ta je. Na sa atamfata ruwan ganye da mayafi baƙi, muka shiga mota a tasha. Hanya duk dammunan gero da dawa a jingine, mata suna roron wake, Goggo kuma tana ta ciniki da matar da ke kusa da ita. Ni ina jikin taga ina tunanin abu ɗaya: in na same shi na samu aure, amma me zan ce wa Baba?

A wata makarantar firamare muka samu takardun, an jera su a bangon aji daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kowace takarda cike da ƙananan hotuna baƙi da fari, kamar an tara garin duka an ce kowa ya yi shiru. Maza da mata suna ta bin layi da yatsa, wani yana faɗa wai an sa masa shekarun yayansa. Na fara daga farko. Babayo kam kamar an zuba, Abdulsamad ma ba laifi. Na samu wani mai sunan duka biyu, na duba shekarar haihuwa, na girme shi. Na samu wani, tsoho ne tukuf da zai yi jika da Inna. Rana ta take, ƙafata ta fara zafi, Goggo ta samu inuwa ta zauna tana fifita da gefen mayafi.

A takarda ta kusa da taga na gan shi. Ban ma fara karanta sunan ba.

'Yan uwa, ni ban yi kama da Inna ba. Ƙannena duk Baba suka ɗebo. Tun ina yarinya nake duba madubi ina neman inda na samo faɗin goshin nan, da girar da ta kusa haɗewa, da idon hagu da ya ɗan fi na dama ƙanƙanta, wanda nake ɓata lokaci da kwalli ina gyarawa. Ga su nan duka a bango, an sa musu hula da furfura. Na kira Goggo da hannu. Ta zo ta kara fuskarta, ta daɗe tana kallo, matar da ba ta iya shiru. Can ta ce a hankali, "Shi ne. Ya tsufa."

Zan faɗa muku gaskiya, ba murna na ji ba. Haushi na ji. Ashe yana raye, yana da ƙafar da zai je ya bi layi a rana a ɗauke shi hoto don ƙuri'a, amma ƙafar ba ta taɓa kawo shi Azare ya ga ko na rayu ba. Na tsaya ina harararsa a bango kamar zai ji. Bayan haushin kuma sai tausayi ya biyo, ban san daga ina ba, don kumatunsa sun faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ma'aikacin da ke zaune da takardun ya faɗa mana unguwar da rumfar take, muka tambaya har ƙofar gidan mai unguwa. Dattijo ne, yana zaune a rumfar kara ana auna masa gyaɗa. Da muka faɗi wanda muke nema ya ce ya san shi, amma lambar mutum amana ce, ba ya ba wanda bai sani ba. Goggo ta karkace ta zuba masa bayani tun daga Bulkachuwa. Ya saurara har ta gaji, sannan ya ce in ɗago kaina. Ya dube ni, ya dube ni, ya ce shi ke nan, ba ya bukatar wata shaida.

Ya ce mutumin ba ya gari, ya bi shanu wajen Gadau, sai ƙarshen mako. Ya ce yana da iyali, ba ya da hayaniya, ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Ya ciro wayarsa ya karanto lambar, na sa a tawa. Da za mu tashi ya ce:

"'Yata, kada ke ki kira. Maganar aure manya ke buɗe ta. Ki kai wa wanda ya riƙe ki."

Muna cikin mota saƙon Izzuddeen ya shigo.

"An dace?"

"An dace."

"Alhamdu lillahi. Turo mini in ba Alhaji yau ɗin nan."

Na daɗe ina kallon saƙon. Da na tura, da an gama. Alhaji ya kira, a je Katagum a gaisa, a sa rana, bakin matan gidansu ya mutu. Baba kuma ya ji a gari cewa 'yar da ya riƙe ta bi bango tana neman wani uban.

"Sai Baba ya fara gani," na rubuta.

"In ransa ya ɓaci fa?"

"To nawa ne, ni zan ɗauka."

Washegari bayan la'asar na same shi a zaure a kan buzunsa, ya baza irin wake a faranti yana tsince masu huji, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa. A cikin gida Inna tana daka. Na durƙusa a bakin tabarma na faɗa masa komai, kotu, da bango, da mai unguwa, da ƙaryar turare. Ban iya kallon fuskarsa ba, hannunsa nake kallo, kuma hannun bai daina tsintar wake ba har na gama. Na jira faɗa, ko abin da ya fi faɗa ciwo, wato ya ce ba komai.

Sai ya tambaye ni ko mun samu abin da muka ci a can.

Nan hawayen da nake riƙewa suka zubo. Na ce ya yafe mini, ba don ya gaza mini da komai na yi ba. Ya ce in share fuskata. Ya laluba aljihu ya ciro 'yar ƙaramar wayarsa mai maɓalli, wadda lambobinta suka goge don dannawa, ya miƙo mini ya ce tabaraunsa yana ɗaki, in sa masa lambar.

Na fara dannawa ina duba tawa. Ina sa ta ƙarshe, sai rubutu ya fito a saman lambar.

Baban Adawiyya.

Na zaci kuskure na yi. Na goge na sake sawa a hankali, ya sake fitowa. Na ɗago na dubi Baba, ya ture farantin gefe.

Ya ce ranar da ya auri Inna abu ɗaya ta roƙe shi, kada a ambaci mutumin nan a gidanta, kada kuma a faɗa wa yarinya inda yake. Ya yi mata alkawari. Amma shekarar da na gama firamare ya ga bai kamata mutum yana da 'ya a duniya bai san ta iya karatu ba, sai ya yi ta bin kasuwar shanu yana tambaya har ya same shi. Tun daga nan, in na ci jarrabawa ya kira shi, in na kwanta ciwo ya kira shi. Shi kuma bai zo ba ne don an ce kada ya zo, kunya ta hana shi karya maganar.

"Alkawarin na bakina ne," in ji Baba. "Tun da Alhaji ya tafi nake roƙon Allah ya kawo hanyar da ba ta bi ta bakina ba."

Na sake kallon rubutun. Shi ya fi komai tsaya mini. Na ce, "Baba, me ya sa ka rubuta shi haka? Kai fa?"

"Ni kullum ina ji daga bakinki," ya ce. "Shi a nan kaɗai yake samu. Danna."

Na danna. Ta fara ƙara. A cikin gida na ji taɓaryar Inna ta tsaya, ba ta sake sauka ba. Aka ɗauka, hayaniyar kasuwa da kukan shanu suka cika zauren, sannan wata murya mai kauri, da sauri kamar wanda ya tsorata:

"Malam, lafiya dai? Yarinyar lafiya?"

Baba ya tura hannuna da wayar zuwa kunnena. Na buɗe baki zan gaishe shi, sai na tarar ban san da wane suna zan kira shi ba, ga Baba zaune a gabana yana kallona.